Wufa biyu masu koyil bibbiyu da amfi mai iyakar om 2: yaya za a haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wufa biyu, wato manyan sifikun bes, masu inci 12 don motata, an rubuta D4 da wat 400 RMS a bayan kowace, kuma kowace wurin ɗaura waya huɗu gare ta maimakon biyu. Amfina, wato amfilifayata, monobulok ne mai tasha ɗaya, takardarsa ta ce wat 300 a om 4, wat 500 a om 2. Wanda ya haɗa mini ya tara jajayen ƙafafun wuri guda, baƙaƙen ma wuri guda. Sauti ya yi ƙarfi sosai, amma bayan 'yan mintoci sai amfin ya ɗau zafi, jar fitila ta kama, ya ɗauke. Yaya zan haɗa su in samu om 2? Ko amfin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kwantar da hankalinka, amfinka ƙalau yake. Ɗaukewar nan da yake yi ma ita ta hana shi ƙonewa. Haɗin da aka yi maka ya sauko da lodin zuwa om 1, shi kuwa om 2 ne iyakarsa. Kada ka sake ƙure masa murya sai an warware wannan haɗin, domin ba kullum kariyar cikinsa ke riga zafi ba. Wata rana hayaƙi za ka gani maimakon jar fitila.

Amsar tambayarka ta farko kuwa ba za ta yi maka daɗi ba. Wufa biyu D4, in dai za a yi aiki da koyil ɗinsu duka huɗu yadda ya dace, ba sa ba da om 2. Om 1 suke bayarwa, ko 4, ko 16, ko wurin wane gwani ka kai su. Shawarata ita ce ka haɗa su a om 4, kuma lissafi zai nuna maka cewa abin da za ka rasa bai kai yadda kake tsoro ba.

Juya wufar ka dubi bayanta. Ƙarƙashin faffaɗan kwanon nan da ke kai da komo akwai wani ɗan bututu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana zaune a wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu. Naɗin nan shi ne koyil. Wuta ta bi ta cikinsa, maganaɗisu ya tura shi gaba ko ya ja shi baya, kwano ya biyo shi, iska ta motsa, ka ji duka a ƙirjinka. Wufa ta yau da kullum naɗi ɗaya gare ta da ƙafa biyu. Taka naɗi biyu ne a kan bututu guda, ba su haɗu da juna ta ciki ba, kowanne da ƙafarsa ja da baƙa. Galibi za ka tarar da ƙafafun koyil ɗaya a gefe guda, na ɗayan kuma a ɗaya gefen. D4 na nufin koyil biyu, kowanne om 4. Wat 400 RMS ɗin nan kuma, wato ƙarfin da wufar ke iya ɗauka a kai a kai, na su biyun ne a haɗe, ba na kowanne ba. Mutane da yawa na zaton koyil biyu ƙarfi biyu ne. A'a. Zaɓi kawai yake ba ka wajen haɗi, don ka daidaita wufar da amfin da ke hannunka.

Haɗi iri biyu ne, siris da faralel, kamar yadda ake kiran su a bakin aiki. Ɗauki amfi a matsayin tankin ruwa, kowane koyil kuma siririn tiyo. In ka jona tiyo biyu baki da baki suka zama dogo ɗaya, ruwa zai ƙara shan wuya kafin ya fita, abin da ke zuba ya ragu: siris ke nan. In kuwa ka ba kowane tiyo bakinsa daban a jikin tankin, ruwan da ke fita ya ninka: faralel ke nan. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin ƙaramar lambar om ita ce lodi mai nauyi. Om 1 ya fi om 4 wahalar da amfi nesa ba kusa ba, tunda ya fi buɗe wa wuta hanya.

A siris tarawa ake yi: 4 da 4, om 8. A faralel, idan koyil ɗin duk iri ɗaya ne, sai ka raba om ɗin guda ɗaya da yawansu: 4 a raba biyu om 2, 4 a raba huɗu om 1. Idan biyu ne da ba su yi daidai ba, ka ninka su da juna ka raba da jimillarsu. Om 4 da om 2 za su ba ka 8 a raba 6, wato 1.33. To, wufa ɗaya D4 ko dai ta zama om 8 ko om 2. Wufa ɗaya D2 kuma ko om 4 ko om 1. Yanzu ka ɗauki naka biyun. In aka yi wa kowace faralel ta koma om 2, sannan aka sake haɗa su faralel, an samu om 1, abin da aka yi maka ke nan. In aka yi wa kowace siris ta koma om 8, aka haɗa su faralel, om 4. In kowace ta zama om 2 aka jera su siris, nan ma om 4. In komai siris ne, om 16, wanda ba mai nemansa a mota. Om 2 daga wufa biyu masu koyil bibbiyu, D2 ce ke ba da shi: kowace siris ta zama 4, su biyun faralel su zama 2. Da tun farko takardar amfin aka fara dubawa kafin a shiga kasuwar wufa, D2 za ka sayo.

Me ke faruwa a cikin amfin da har yake ɗaukewa? Shi amfi bolt yake fitarwa, wato ƙarfin da ke tura wuta. Lodin da aka ɗora masa ne ke yanke yawan amfiyar da za a ja, wato yawan wutar da za ta gudana. Dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce dai har gobe: amfiya daidai take da bolt a raba da om. Amfinka, don ya ba da wat 300 a om 4, yana fitar da kusan bolt 34.6 da amfiya 8.7. Don wat 500 a om 2, bolt 31.6 da amfiya kusan 16, kuma nan ne ƙarshen abin da aka gina shi ya ɗauka. Ka ɗora masa om 1, sai ya yi yunƙurin riƙe wannan bolt ɗin, lodi kuma ya nemi amfiya sama da 30. Ninki biyu ke nan. Zafin da ke tashi a wayoyi da taransistocin cikinsa kuwa ba ninki biyu yake yi ba, kusan ninki huɗu ne, don yana bin amfiya a ninka ta da kanta. Haɗa wannan da but ɗin mota da ta wuni a rana a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura digiri 40, ga amfi an cusa shi bayan akwati ko ƙarƙashin kafet inda iska ba ta ratsawa. 'Yan mintocin da yake yi maka ma ya yi ƙoƙari.

Lura da wani abu a waɗannan lambobin. Daga om 4 zuwa om 2, a takarda ya kamata wat ya ninka, 300 ya zama 600. Amma 500 aka rubuta, saboda bolt ɗin na sauka idan lodi ya yi nauyi. Ma'ana, duk sauka ɗaya da ka yi, ribar na raguwa, zafi na ƙaruwa.

Na san za ka haɗu da wanda zai ce maka shi ya daɗe yana kora amfin om 2 a om 1 ba abin da ya same shi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma akwai dalili. Om 4 ɗin da aka rubuta a jikin koyil suna ne kawai na kusantawa, ba lamba ce tsayayya ba. Turjiyar wufa, wato abin da ake aunawa da om, tana hawa da sauka gwargwadon amon da take bugawa. A daidai amon da kwanon ya fi son kaɗawa da kansa, koyil na motsi sosai cikin maganaɗisu har shi ma ya haifar da tasa wutar da ke tunkuɗe ta amfi, sai ka ga wufar om 4 ta haura om 20 ko 30 a wurin. Can sama kuma ta sake hawa a hankali saboda yanayin naɗin. Akwati ma na sauya abin. A rufaffen akwati wuri ɗaya turjiyar ke yin irin wannan tudun. Mai ƙofar iska tudu biyu ne da kwari a tsakani, kuma kwarin nan yana daidai amon da aka saita ƙofar a kai, inda turjiya ke faɗowa kusa da mafi ƙanƙantarta. Sannan jan ƙarfe in ya yi zafi turjiyarsa na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, don haka koyil mai om 3.5 da ya ƙara digiri 100 ya kusa om 4.9. Waɗannan duka su ke ba abokin naka sa'a: akwatinsa, irin kiɗan da yake ji, da inda yake tsayar da murya. Ranar da wata waƙa ta zauna daram a cikin kwarin nan na tsawon lokaci, sa'ar ta ƙare. Kai kuwa naka amfin ya riga ya gaya maka ra'ayinsa.

Akwai wata dabara da za a kawo maka, kuma a ido tana da kyau: a ɗauki koyil ɗaya daga kowace wufa, a bar ɗayan a sake, om 4 biyu a faralel, ga om 2 ya fito cif. Mitar awon om ma za ta yarda. Ni ban yarda ba. Ƙarfin da ke tura kwano ya dogara ne ga tsawon wayar da ke ɗauke da wuta a cikin maganaɗisu. Ka ajiye koyil ɗaya, ka ajiye rabin wayar. Sautin da wufar ke fitarwa a kan kowane wat ya faɗi da kusan dB 3 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato kamar ka zubar da rabin wutar da ka ba ta. Riƙon da koyil ke yi wa kwano shi ma ya yi sako-sako, sai bes ɗin ya zama gunji mai jan jela maimakon duka mai tsafta, kuma akwatin da aka auna don wufar ya daina dacewa da ita. Ga zafin duka ya taru a naɗi ɗaya, wat 250 a kan wayar da rabonta 200 ne. Ka ci ribar wat 200 daga amfi, wadda ba ta wuce dB 2.2 ba, ka biya da dB 3. Faɗuwa ce.

Ga yadda za a yi haɗin om 4. Cire wayar wufa daga amfi, ka kuma zare fiyus ɗin da ke kusa da batir kafin ka taɓa komai. Ɗauki wufa ta farko. Ka yanko guntuwar waya mai kauri ka haɗa baƙar ƙafar koyil na ɗaya da jar ƙafar koyil na biyu. Yanzu ƙafa biyu suka rage a sake: jar koyil na ɗaya da baƙar koyil na biyu. Su ne suka zama ja da baƙar wufar baki ɗaya, om 8. Yi wa ta biyu haka. Sai ka haɗa jajayen nan biyu da suka rage su tafi ƙafar (+) ta amfi, baƙaƙen biyu su tafi (−). Shi ke nan.

Na ce akwai hanya ta biyu da ke ba da om 4, wato kowace wufa faralel sannan a jera su siris. Lambar ɗaya ce, amma na fi son ta farkon. A ta farko kowace wufa na karɓar bolt ɗin amfi kai tsaye, ba ruwanta da 'yar'uwarta. A ta biyu kuwa wuta sai ta ratsa ɗaya kafin ta kai ga ɗayar, to in wata ta ɗan fi laushi, ko ɗakinta a akwati ya ɗan fi girma, rabon ba zai zo daidai ba, motsin wannan ya riƙa shafar waccan. Sannan in waya ta tsinke a jikin ɗaya, a haɗin farko ɗayar za ta ci gaba da aiki a om 8, ba cutarwa. A na biyu duka za su yi tsit. Amma tsakanin koyil biyu na wufa guda, siris ko faralel ba ya sauya muryarta. Bututu ɗaya suke turawa. Masu cewa faralel ya fi duka, yawan wat ɗin da amfi ya ƙara suke ji, ba wani abu ba.

Kafin ka mayar da su akwati, gwaji biyu. Na farko na fuska ne, kuma shi ya fi muhimmanci a wufa mai koyil biyu. Samo batirin tocila mai bolt 1.5. Ɗora kansa a jar ƙafar koyil ɗaya, gindinsa a baƙar, na ɗan ƙiftawar ido. Za ka ji “tuk”, kwanon ya ɗan yunƙuro waje. Gwada sauran koyil ukun ɗaya bayan ɗaya. Dole duka su yunƙuro waje. Wanda ya shige ciki, an juya masa ƙafa, ko daga wurin wanda ya taɓa gyara ta ko wajen fenti. Dalilin wannan gwaji: in koyil biyu na wufa guda suka saɓa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kwano ya tsaya cik, ba sauti. Mai mota ya ga shiru sai ya ƙara murya. Alhali wuta na shiga, kuma tunda ba motsi, babu iskar da ke sanyaya naɗin, babu kuma waccan turjiyar da motsi ke ƙarawa. Duk wutar ta koma zafi. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan wufar ya san kamanninta: wayar da ke da launin zuma ta koma baƙi ƙirin, gam ɗin ya tafasa ya yi ƙuraje, naɗin ya saki yana warwarewa kamar zare, ga wari mai kama maƙogwaro da ke daɗewa a but. Bayan ka gama haɗi ma ka sake taɓa batirin a wayoyi biyun da za su amfi, ka ga kwanukan biyu sun fito tare.

Na biyu na mita ne. Sa ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, galibi 200. Fara haɗa bakunanta biyu da juna ka ga abin da wayoyinta ke ci, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, ka riƙa cire shi daga duk abin da ka auna. Kada ka yi tsammanin ganin 4.0. Mita turjiyar wayar kawai take aunawa ba tare da motsi ba, kuma kullum tana ƙasa da lambar da aka rubuta: koyil mai om 4 zai nuna wajen 3.2 zuwa 3.7, wufar da aka yi wa siris wajen 7, haɗin ƙarshe kuma ya dawo wajen 3.5. In ka ga abin da bai kai 1 ba, har yanzu kana kan tsohon haɗi. Kada ka taɓa kwano lokacin awo, ko iska mai ƙarfi ta kaɗa shi lambobin za su yi ta tsalle. Idan wufar ta hannu ce, auna kowane koyil shi kaɗai. Ana samun wadda aka sake wa naɗi, ɗaya ya nuna 3.5 ɗaya 2.6, irin wannan ba za su raba wuta daidai ba, kuma lissafinka duka ya tashi.

Wani tarko da ke kama har waɗanda suka iya lissafi: monobulok da yawa na da wurin ɗaura wayar sifika huɗu, (+) biyu da (−) biyu. Ba tasha biyu ba ce. A ciki a haɗe suke, an yi su ne don sauƙin ɗaura waya. Mutum ya mai da kowace wufa om 2, ya ba kowace nata bakin, yana murna amfi na ganin om 2, alhali om 1 yake gani. A wurinka wannan ma sauƙi ne: kowace wufa mai om 8 ta tafi nata bakin, amfi ya haɗa su da kansa su zama 4. Masu amfi mai tasha biyu da ke yi masa birij, wato haɗa tashoshin biyu su kora lodi ɗaya, su ma su sani kowace tasha rabin lodin take gani. Wanda aka rubuta masa om 2 a kowace tasha, in an yi birij om 4 ne iyakarsa.

Yanzu ga abin da ke damunka, na sani: wat 500 na biya, a ce in zauna a 300? Kunne ba ya jin wat yadda aljihu ke jin sa. Ninka wat sau biyu dB 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an kai wajen dB 10, wato wat ninki goma, kafin yawancin mutane su ce sauti ya ninka. Tsakanin 300 da 500 dB 2.2 ne, abin da bai fi ɗan matsa murya kaɗan ba. Kwatanta da ɗaya hanyar da za ta ba ka om 2 na halal da kayan da ke hannunka, wato ka ajiye wufa ɗaya, ka yi wa ɗayar faralel ta sha wat 500 ita kaɗai. Kwano biyu da ke aiki kusa da juna a amon ƙasa suna ƙara kusan dB 3 a kan kwano ɗaya, ko da wutar da aka raba musu ɗaya ce. Cire 2.2 daga 3, wufa biyu a om 4 sun ɗan fi wufa ɗaya a om 2 ƙara, ga kowane koyil wat 75 kawai yake ɗauka maimakon 250. Koyil mai sanyi ba ya rage murya bayan rabin sa'a, mai zafi kuwa yana yi, saboda hawan turjiyar da na ambata. Amfi ma zai yi aiki cikin natsuwa, batir ya huta. Ni in motata ce, nan zan tsaya.

In ka dage sai ka ji ƙarshen abin da wufofin za su iya, hanya biyu ce, duka da kuɗi. Ko ka musanya su da D2, tunda kamfanoni kan fitar da wufa ɗaya a nau'i biyu, kamar P3D2-12 da P3D4-12 na Rockford Fosgate, ka samu om 2 ɗinka da wat 500. Ni ban ga hikimar wannan wahalar a kan dB 2 ba. Ko kuma ka sauya amfi da wanda aka gina don om 1, ka bar haɗin da ke nan yanzu. Pioneer GM-D8701, alal misali, takardarsa ta nuna 300 a om 4, 500 a om 2, 800 a om 1, kuma 800 ɗin ya yi daidai da wufa biyu masu 400. Wannan zai ba ka ƙarin dB 4 da ɗoriya, abin da kunne zai shaida. Amma ka lissafa da motar. Amfi irin wannan, wanda ake kira ajin D, yana mai da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ya ci zuwa sifika, to wat 800 na buƙatar kusan 1,000 daga mota, wanda a bolt 13.8 ya haura amfiya 70 lokacin da duka ya kai ƙarshe. Altanetar ƙananan motoci da yawa tsakanin amfiya 70 da 100 take, ga na'urar sanyaya mota, ga fitilu, ga fankar lagireto, kuma a cunkoso inda inji ke zaune ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Nan ne za ka ga fitilun gaba na lumshewa tare da kiɗa. Za ka buƙaci wayar wuta lamba 4 ta jan ƙarfe zalla, fiyus a cikin santimita 45 daga batir, da wayar ƙasa gajera mai kauri ɗaya da ita, a ɗaure a ƙarfen da aka kankare wa fenti. Ka kula da wayar da aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na wutar da ta gaske ke ɗauka take iyawa. Kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne ka gane, kuma ba ta da nauyi a hannu. A om 1 hatta wayar sifika na shiga lissafi: tsawon mita biyu na siririya lamba 16, zuwa da dawowa, ta kai om 0.05, kashi 5 cikin 100 na lodin ke nan, abin da a om 4 ba a ma kula shi.

In za ka sayi wani amfin, lambar RMS a om ɗin da za ka yi aiki da shi kaɗai za ka duba, ka rabu da manyan lambobin da ake bugawa a kwali. Leƙa fiyus ɗin jikinsa ma. Amfin da fiyus ɗinsa duka bai wuce amfiya 50 ba, ninka da 14.4 ka samu 720, cire asarar zafi ya rage ƙasa da 600. Ko an zana masa 3,000 da ruwan zinare, iyakarsa ke nan.

Bayan ka koma om 4, hannunka zai yi ƙaiƙayin murɗa maɓallin gen don cike gurbin abin da kunne ya saba ji. Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne, na daidaita amfi da rediyon mota ne. In ka wuce da shi, amfi ya kai ƙarshen bolt ɗinsa ya fara yanke kan amon, sai koyil ya riƙa shan wuta fiye da yadda motsinsa ke sanyaya shi, sauti kuma ya dusashe ya yi kaushi. Saita shi da mita. Ninka wat da om ka ɗauki tushensa, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadin: 300 sau 4 ya ba da 1,200, tushensa 34.6. Cire wayar wufa daga amfi, ka mai da ƙarin bes na rediyo da na amfi sifili, ka tada inji, ka sa amon gwaji na 50 Hz, murya ta tsaya wajen kashi uku cikin huɗu. Sa mita a ma'aunin bolt na AC a bakin fitar amfi, ka murɗa gen daga ƙasa a hankali har ta nuna 34, ka tsaya. In akwatinka mai ƙofar iska ne, kunna matatar nan da ke yanke amon can ƙasa, ka ajiye ta kaɗan ƙasa da inda aka saita ƙofar, domin ƙasa da nan akwati ba ya riƙe kwano, sai ya yi ta fizga a banza har ya bugi gindi. Sannan ka ciro amfin daga ƙarƙashin kafet ka ɗaure shi inda iska za ta bi ta kan haƙarƙarinsa.